Yadda za a zaɓi keke mai sauƙin kuɗi don zirga-zirga a Gwandu da Kalgo

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, kuɗin sufuri ya shiga sahun manyan abubuwan da ke cinye albashin ma'aikaci da ribar ɗan kasuwa. Litar man da farashinta na hukuma bai kai Naira 200 ba a farkon waccan shekara ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce Naira 1,000 a gidajen mai da dama. Duk ƙarin da aka yi a gidan mai, a ƙarshe yakan sauka ne a aljihun fasinjan kabu-kabu da na Keke Napep, da kuma mai babur na kansa da ke sayen lita ɗaya kowace safiya.

Wannan ne ya sa jama'a a garuruwa da dama na Arewa suka sake waiwayar keken hawa, wanda ba ya shan mai, ba ya kuma buƙatar lasin. A garuruwa irin su Gwandu da Kalgo na Jihar Kebbi, inda tazarar da ke tsakanin gida da ofis ko kasuwa ba ta cika wuce 'yan kilomitoci ba, keke na iya ɗauke wa magidanci wani kaso mai tsoka na ɗawainiyar wata.

Sai dai sayen keke ma yana da nasa tarkon. Kuɗin da aka miƙa ranar ciniki somin-taɓi ne kawai, domin ainihin tsadar keke ko arahar sa tana bayyana ne bayan ya yi shekara ana hawa. Keken da ya cancanci a kira shi mai sauƙin kuɗi shi ne wanda ya dace da hanyar da za a riƙa bi, ya yi daidai da jikin mai hawansa, kuma mai gyaran keke na unguwa yake da kayansa a hannu.

Lissafi kafin ciniki

A watan Oktoban 2024 Gwamna Nasir Idris ya amince da Naira dubu 75 a matsayin mafi ƙarancin albashi a Jihar Kebbi. Idan aka ɗauki misalin ma'aikacin da ke biyan Naira 500 zuwa aiki da Naira 500 dawowa, yana kashe Naira 1,000 ke nan a rana. A kwanakin aiki 22 na wata kuɗin ya kama Naira dubu 22, wato kusan kashi 30 cikin 100 na mafi ƙarancin albashin, tun ba a sayi kwanon hatsi ko ɗaya ba.

Da irin wannan lissafi ne kowa zai gane ko keke zai biya shi. A tara abin da ake kashewa a wata a kan kabu-kabu ko man babur, sannan a raba farashin keken da wannan adadi. Abin da ya fito shi ne yawan watannin da keken zai ɗauka kafin ya mayar da kuɗinsa. A misalin da ya gabata, keken Naira dubu 110 zai fanshi kansa cikin wata 5, duk abin da ya biyo baya kuma rara ce, in aka cire ɗan kuɗin faci da mai. Da yake farashin kekuna da kayan gyaransu yana tafiya ne da canjin Dala, ya kamata mai saye ya zagaya shaguna uku ko huɗu a Birnin Kebbi ko Jega ya ji farashin makon kafin ya tsayar da shawara.

Abu na biyu da za a auna shi ne nisa. Mai hawan keke cikin natsuwa yakan ci kilomita 12 zuwa 15 a awa ɗaya. Tafiyar kilomita 3 za ta ɗauke shi kusan minti 15, ta kilomita 5 kuma minti 20 zuwa 25, alhali mai tafiya a ƙasa sai ya shafe awa guda kafin ya cim ma kilomita 5 ɗin. Duk tafiyar da ba ta wuce kilomita 7 ko 8 ba, keke zai yi ta kullum ba tare da ya gajiyar da mai shi ba.

Daga Kalgo zuwa Birnin Kebbi tazarar ta haura kilomita 10, don haka tafiya ce ta kusan awa ɗaya a kan babban titi. Matashi mai jini a jika zai iya, amma ba kowane magidanci ne zai jure ta safe da yamma ba, musamman a bazara. Gwandu kuwa tana da nisan sama da kilomita 40 daga babban birnin jihar, saboda haka aikin keke a can shi ne zirga-zirgar cikin gari da ta ƙauyukan da ke kusa.

Hanya ce ke zaɓar keke

Gwandu tsohon gari ne, hedikwatar yammacin Daular Usmaniyya a ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, kuma hubbarensa yana nan a garin, ko da yake fadar Sarkin Gwandu tana Birnin Kebbi a yau. Kamar sauran tsofaffin garuruwa, da zarar an sauka daga kwalta sai lunguna da hanyoyin ƙasa. Malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya da ke zaune a gari yana aiki a wani ƙauye na ƙaramar hukumar, rabin tafiyarsa a kan burji da rairayi take.

Kalgo kuwa mahaɗar hanyoyi ce, inda titin Birnin Kebbi zuwa Jega ya haɗu da wanda ya nufi Bunza da Kamba. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, tana da mazauninta na dindindin a kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, ga kuma babban asibitin gwamnatin jiha da sakatariyar ƙaramar hukuma. Mai keke a Kalgo zai fi samun kwalta, amma zai raba ta da tireloli da motocin haya masu gudu.

Abubuwa uku ne garuruwan biyu suka yi tarayya a kansu. Na farko, ƙasar galibi shimfiɗaɗɗiya ce in ban da 'yan tuddai, don haka keke mai giya ɗaya ya wadatar ga yawancin tafiye-tafiye. Na biyu, akwai rairayi da rani da taɓo da damina, waɗanda siririyar taya ke nutsewa a cikinsu. Taya mai faɗin inci ɗaya da rabi zuwa inci biyu ita ce ke iya ratsa su. Na uku, akwai ƙaya, musamman tsidau da ke baje a gefen hanya bayan damina, da ƙayar aduwa da ta bagaruwa a hanyoyin gona. Taya mai kauri takan rage yawan zuwa wurin mai faci.

Ire-iren kekunan da ke kasuwa

Na farko shi ne baƙin keke na gargajiya mai wili inci 28, irin samfurin Raleigh na Ingila da iyaye da kakanni suka hau. A yau an fi samun irinsa daga kamfanonin Phoenix na ƙasar Sin da Hero da Avon na Indiya. Gangar jikinsa ƙarfe ce zalla, birkinsa na sandar ƙarfe ne, giyarsa ɗaya, nauyinsa kuma ya kai kusan kilo 20. Yana zuwa da madgad da ke tare taɓo, da kariya, wato mazaunin kaya na baya, wadda ke ɗaukar jarkoki ko rabin buhu. Babu garin da za a rasa mai gyaransa, in wani wuri ya tsage kuma kowane mai walda zai ɗinke shi. Aibinsa shi ne nauyi, da tsayin da ke wahalar da gajere, da kuma birkin da ke rage kamawa idan wili ya jiƙe da ruwan sama.

Na biyu shi ne keke na hannu da ake shigowa da shi daga Japan da Turai, wanda ake sanyawa cikin kayan da jama'a ke kira 'yan Kwatano. Na Japan yakan zo da kwando a gaba, da murfin sarƙa, da makulli a wilin baya, wani lokaci har da fitilar da ke samun wuta daga juyawar wili. Ƙarfen tsakiyarsa a ƙasa yake, don haka mai kaftani ko jallabiya, da dattijo, da ɗaliba, duk za su hau shi ba tare da ɗaga ƙafa sama ba. Yana da sauƙin tuƙi a kwalta, kuma sau da yawa ingancin ƙarfensa ya fi na sabon keke mai araha. Matsalarsa tana wilin baya: birkin da giyar wasu a rufe suke cikin cibiyar wili, in suka lalace ba kowane mai gyara ne zai iya buɗe su ba, kayansu kuma sai an nema. Ba a yi shi don ɗaukar buhu ba.

Na uku shi ne keke mai giya da yawa da faffaɗar taya, wanda asalinsa an ƙera shi ne don hawan tsaunuka. Mai inganci daga cikinsu ya fi kowane keke iya ratsa rairayi. Amma kasuwa cike take da masu arahar da aka ƙawata da giya 18 ko 21 da sifirin gaba da baya don jan hankalin matasa. Sifirin mai araha yana ƙara nauyi, yana kuma shanye ƙarfin da mai hawa ke zubawa a feda. Na'urar canza giya tana rataye ne dab da ƙasa, inda ƙura ke shiga, kuma faɗuwa ɗaya ta isa ta lanƙwasa ta. Galibi irin wannan keke ba ya zuwa da madgad ko kariya, sai an saya an ɗaura. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a harkar keke adon da ya zo da araha shi ne ke fara lalacewa. Wanda ya nace sai mai giya, gara ya nemi na hannu mai giya 6 ko 7, marar sifirin a baya, wanda kayan giyarsa na sanannen kamfani ne kamar Shimano na Japan.

Akwai kuma keken tsere mai siririyar taya, da ƙaramin keke mai naɗewa, da keke mai batir. Na tsere bai dace da rairayi da ƙaya ba. Mai naɗewa ƙananan wilinsa suna jin kowane rami. Mai batir kuwa farashinsa ya ninka na sauran, batirin yana raunana da shekaru da zafi, sauya shi kuma babban kashe kuɗi ne, ga matsalar wutar caji.

Darasin da ƙungiyar World Bicycle Relief ta koya ya cancanci a duba. An kafa ta a 2005, ta kuma ƙera keken Buffalo musamman don karkarar ƙasashe irin su Zambiya da Kenya da Malawi. Keken da ta yi suna da shi na ƙarfe ne mai kauri, giyarsa ɗaya, kariyarsa tana ɗaukar kilo 100, sannan ƙungiyar tana horar da masu gyara a yankunan da take raba shi. Ta gina aikinta ne a kan fahimtar cewa a hanyar ƙasa, keken da kayansa ba su da yawa, kuma mai gyaransa yake kusa, shi ne ke daɗewa yana aiki.

A fara da mai gyara kafin mai shago

Kafin a je wurin mai sayarwa, yana da kyau a zauna da mai gyaran keken da ya fi kusa da gida ko wurin aiki. Shi ne ya san irin kekunan da suka fi zuwa wurinsa da matsala, da waɗanda kayansu ke samuwa a garin, da waɗanda sai an aika Birnin Kebbi ko Sakkwato ko Kano. Keken da zai yi mako biyu a jingine yana jiran wani ɗan ƙarfe ya mayar da mai shi kan kabu-kabu, bayan ya riga ya zuba kuɗinsa.

Taya ce abin da aka fi sauyawa, kuma a nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami, domin lambar inci kaɗai ba ta isa ba. A gefen yawancin tayoyi akwai lambobi biyu da ɗan layi a tsakaninsu, kamar 40-635. Ta farko faɗin taya ce, ta biyu kuma faɗin ƙarfen wili ne, duka a ma'aunin milimita. Baƙin keke na gargajiya 635 yake ɗauka. Kekunan Turai da yawa da ake kira masu inci 28 kuwa 622 ne, tayar ɗaya ba ta shiga wilin ɗayan. Haka abin yake a inci 26: na keke mai giya 559 ne, na yawancin kekunan Japan kuma 590. Masu inci 27 suna ɗaukar 630. Mai saye ya rubuta lambar keken da yake so, ya tambayi masu kayan gyara na garinsu ko suna da taya da tiyub ɗinta, da kuma nawa suke sayarwa.

Bawul ɗin iska ma iri uku ne. Akwai na gargajiya mai 'yar roba a ciki, wanda ke kan baƙin keke da na Japan. Akwai mai kauri irin na babur da mota, wanda kowane mai faci a bakin titi zai iya ba shi iska. Akwai kuma siriri na kekunan tsere, wanda ke buƙatar famfo na musamman ko ɗan bakin da ake ɗaura masa. Biyun farko ne suka fi sauƙin sha'ani a Gwandu da Kalgo.

Abin dubawa a keke na hannu

Sayen keke na hannu yana buƙatar ido, kuma ɗan abin da za a ba mai gyara don ya raka mai saye kasuwa ba asara ba ce. A fara da gangar jiki. A duba duk mahaɗar ƙarafa ko akwai tsagewa, ko tsatsa mai zurfi, ko sabon fentin da aka shafa a wuri ɗaya don ɓoye walda. Ƙarfe yana karɓar walda, amma gangar jikin alminiyam in ta tsage sai mai na'ura ta musamman, don haka a guje wa wadda ta nuna alamar rauni. A tsaya a gefe a kalli fok, wato ƙarfe mai ƙafa biyu da ke riƙe da wilin gaba. In ya karkata baya, keken ya taɓa yin karo.

Daga nan a ɗaga kowane wili a juya shi. Mai lafiya zai yi ta juyawa shiru, ba ya kaɗawa hagu da dama. A matsa sifok, wato siraran wayoyin wili, biyu-biyu, a ji ko akwai sakakku ko karyayyu. A kama wilin a girgiza shi gefe da gefe. In yana motsi, boris ya ci ko ya saki. A yi wa hannun feda irin wannan girgizar. Sannan a matse birkin gaba a tura keken gaba da baya, in aka ji ƙwas-ƙwas a wuya, boris ɗin kan keke yana buƙatar gyara.

A ja sarƙa daga jikin babban faifan gaba. In ta ɗago har ana ganin haƙori ɗaya a fili, ta miƙe, kuma mai yiwuwa ta cinye haƙoran faifan baya. Haƙoran da suka yi tsini kamar ƙaya alama ce ta cewa za a sauya sarƙa da faifai tare. A duba robar birki, da gefen taya ko ya tsattsage, a kuma tabbatar sandar sirdi tana hawa tana sauka, domin wadda tsatsa ta kama ba ta barin a daidaita keken da tsayin mai shi. A ƙarshe a hau a zagaya, a sassauta riƙon kan keken a ga ko yana ja gefe ɗaya. Duk gyaran da aka gano a ƙiyasta kuɗinsa a ɗora a kan farashi, sannan a kwatanta da na sabo.

Batun asalin keken ma ba abin wasa ba ne. Karɓar kayan sata laifi ne a doka, kuma keken da aka yi wa farashin da bai kai rabin ƙimarsa ba abin tuhuma ne. A sayi keke a wurin dillalin da aka sani, a karɓi rasit mai ɗauke da sunan mai sayarwa da kwanan wata da lambar gangar jiki, wadda galibi ake bugawa a ƙarƙashin mahaɗar feda, ko a jikin ƙarfen wuya ko na sirdi. A ɗauki hoton lambar da waya a ajiye.

Sabon keke ma sai an duba

Sabbin kekuna suna isowa ne a kwali, a warwatse, mai shago ko yaronsa ne ke haɗa su. Keke mai kyau da aka haɗa da gaggawa zai fara kuka cikin mako guda. Mai saye ya nemi a buɗe boris ɗin wili da na feda da na wuya a cika su da giris, domin sau da yawa abin da kamfani ya shafa bai taka kara ya karya ba. A daidaita sifok, a ɗaure kowane noti. Bayan mako biyu ana hawa, sifok da sarƙa da birki za su ɗan saki, don haka a sanya sake ɗaure su cikin cinikin tun farko.

Daidai da jikin mai hawa

Keken da ya fi ƙarfin mai shi haɗari ne, wanda ya yi masa kaɗan kuma ciwon gwiwa da na baya yake kawowa. Gwajin mai sauƙi ne. Mutum ya tsaya da keken a tsakanin ƙafafunsa, tafin ƙafa biyu a ƙasa. Ya kamata a samu ratar yatsu biyu ko uku tsakaninsa da ƙarfen sama. Sannan ya zauna a sirdi ya ɗora diddige a kan feda lokacin da take can ƙasa. In ƙafar ta miƙe sosai ba tare da ƙugu ya karkata ba, tsayin sirdin ya yi. A jikin sandar sirdi akwai alamar iyaka, kada a zaro ta fiye da nan, domin tana iya karyewa.

Ga ma'aikaci ko ɗan kasuwa mai sanya manyan kaya, murfin sarƙa wajibi ne. Yana hana bakin wando ko gefen riga shiga sarƙa, abin da ke ɓata tufafi, wani lokaci ya kayar da mutum. Kan keke mai lanƙwasowa baya, wanda ke barin mutum ya zauna a miƙe, ya fi dacewa da gajeriyar tafiya da ganin abin da ke gaba.

Kuɗin da ke biyo baya

Kada a ƙarar da duk abin da aka tanada a kan keken kansa. Akwai famfo, da makulli mai ƙarfi, da ƙararrawa, da fitila fara a gaba da ja a baya, da kayan faci na gaggawa. Ware kashi ɗaya cikin goma na kasafin don waɗannan dabara ce mai kyau.

Kula da keke ba ta da tsada in aka riƙe ta a kan kari. A duba iska kowane mako, domin taya mai ƙarancin iska tana nauyaya tuƙi, tana kuma saurin fashewa idan ta daki bakin rami. A goge sarƙa da tsumma, a ɗiga mata mai kaɗan, a sake goge na saman. Mai da yawa a lokacin hunturu yana tara ƙura ya zama kamar dutsen wasa wuƙa yana cin sarƙa, baƙin man da aka juye daga inji kuma ɗauke yake da dattin ƙarfe. A ajiye keke a inuwa, domin rana tana busar da taya da sirdi. Bayan kowace damina a kai shi a sake masa giris. Masu bin hanyar ƙaya kan yanka tsohon tiyub su shimfiɗa shi tsakanin taya da sabon tiyub, dabarar da ke rage yawan faci.

Titi da zafi

Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, kuma dokar ta shafi mai keke kamar yadda ta shafi mai mota. Bin hannun da ba nasa ba don gajarta hanya yana cikin abubuwan da suka fi jefa mai keke a haɗari. A manyan hanyoyin da suka ratsa Kalgo, kada mai keke ya tsaya ko ya ratsa ta gefen tirela, musamman a kwana, domin akwai wuraren da direba ba ya hango na kusa da shi. A nuna hannu kafin a juya. Bayan magariba, da kuma ranakun da hazo ya sauka, fitila da tufafi masu haske su ne ke sa direba ya ga mai keke tun daga nesa. Hular kwano tana kare kai idan tsautsayi ya gitta.

Daga Maris zuwa Mayu zafi a wannan yanki yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos. A irin wannan lokaci fita da sassafe, da tuƙi a hankali, da riƙe gorar ruwa, da ajiye rigar canji a ofis ko shago su ne mafita. Mai azumi ya kauce wa tafiyar tsakar rana gwargwadon hali. A ɗaya ɓangaren, Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako. Wanda ke tuƙa keke minti 20 zuwa aiki da minti 20 dawowa, kwana 5 a mako, ya samu minti 200 ba tare da ya ware wani lokaci na daban ba. Mai ciwon zuciya ko hawan jini mai tsanani ya fara jin ta bakin likita.

Batun kallon jama'a

Abin da ke hana wasu ma'aikata hawa keke shi ne gudun a ce sun ci baya. Amma a zamanin En'e da shekarun farko na samun 'yancin kai, keke abin alfahari ne ga malamin makaranta da malamin gona da akawu, har gwamnati tana ba ma'aikata bashin sayensa da alawus na kula da shi. Ƙarin albashin da ya biyo bayan rahoton Kwamitin Udoji na 1974 da arahar man fetur ne suka juya hankalin ma'aikata zuwa babur da mota. A 2001 Ministan Sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya yi ƙoƙarin farfaɗo da hawan keke har yana zuwa taron majalisar ministoci a kansa, sai dai motar da ta ture shi a Abuja ta nuna cewa titunan ƙasar ba su tanadi wurin mai keke ba. A 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 3 ga Yuni a matsayin Ranar Keke ta Duniya, kuma a ƙasar Holan, wadda ke cikin masu arzikin Turai, kekuna sun fi mutane yawa.

Hukumomi da ƙungiyoyi na iya sauƙaƙa lamarin da ɗan abu kaɗan. Rumfa mai inuwa da ƙarfen ɗaure keke kusa da mai gadi a sakatariya, ko asibiti, ko jami'a, ko bakin kasuwa, za ta rage fargabar sata. Ƙungiyoyin gama kai na ma'aikata da na 'yan kasuwa kuma za su iya saro kekuna da yawa a farashin sari, su ba mambobinsu su biya kaɗan-kaɗan, kamar yadda suke yi da shinkafa da sukari gabanin azumi.

Wa ya dace da wane?

Ɗan kasuwar da ke ɗauko kaya daga tasha zuwa shago, ko mai zuwa gona bayan an tashi aiki, baƙin keke mai wili inci 28 da kariya mai ƙarfi ne nasa. Ma'aikacin da tafiyarsa ba ta wuce kilomita 5 a kan kwalta ba, kuma jaka ce kawai kayansa, keken Japan na hannu mai giya ɗaya da murfin sarƙa zai fi masa daɗi, muddin akwai tayarsa a garin. Malami ko ma'aikacin lafiya da ke ratsa rairayi zuwa ƙauye ya nemi mai faffaɗar taya da giya kaɗan, ya ɗaura masa madgad da kariya. Kowanne daga cikinsu, kafin ya ƙirga kuɗi ya miƙa, ya tabbatar ya hau keken ya gwada, ya rubuta lambar tayarsa, mai gyaran unguwarsu kuma ya ce zai iya da shi.